Wanda aka taɓa shiga gidansa, ya aka kaya a kotu?

Uwargida daga unguwar Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Daren Talata ɓarayi suka haura katangarmu a nan Maraɗi. Salula biyu da jaka talatin suka ɗauka, amma ɗiyata ƙarama har yau ba ta barci sai da fitila a kunne. An kama mutum ɗaya. Maigida ya ce kayan ba su taka kara sun karya ba, a bar wa Allah. Ni kuwa zuciyata ta ƙi. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah ya ba ni labari.

Tela a Sabon Gari:
Hajiya, Allah ya tsare gaba. Bara aka ɓalle mani ƙofa aka fita da keken ɗinki. Da na je wurin 'yan sanda, kuɗin keken ne tambaya ta ƙarshe. Ƙarfe nawa? Su nawa ne? Ta ina suka shiga? Da makami a hannu? Lokacin raina ya ɓaci, na ɗauka jan magana ne. Sai gaban alƙali na ga amfaninsu, don kwaɗon da suka karya, wanda na kusa jefarwa a bola, shi aka fi tsayawa a kai.

Tsohon ɗalibin shari'a:
Haka abin yake. Kundin hukunta laifuka na Nijar, na 1961 wanda aka yi wa gyara a 2003, ya raba sata tsurarta da sata mai nauyi. Dare, gidan da mutane ke kwana ciki, haura katanga, fasa ƙofa ko makullin jabu, haɗa baki, makami, taɓa lafiyar mai gida: kowanne yana ƙara wa laifin nauyi, kuma in sun taru hukuncin yana hawa sosai. Yaya, naku dare ne, gida ne, kuma haurowa aka yi. Ƙanƙantar kayan ba ta goge waɗannan. Kina kuma iya neman diyya a cikin shari'ar.

Mai kabu-kabu daga Ali Ɗan Sofo:
Namu ɓarawon, samarin unguwa suka kama shi, suka yi masa jina-jina. Ƙarshenta biyu cikinsu suka kwana a tsare. Ku miƙa shi hukuma da lafiyarsa.

Uwargida daga unguwar Zariya:
Na gode ƙwarai. Sawun ƙafarsa na nan jikin katanga, na hana yara gogewa. Yau da dare zan karanta wa maigida wannan duka.