Yaushe rabonku da kallon fim tare da mutanen gida?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Daren jiya muna zaune a falo, talabijin a kashe, kowa ya duƙufa kan wayarsa. Abin ya tsaya mini a rai. A da sai mu yi mako guda muna ɗokin shiri ɗaya, in an gama kuma a kaure da gardamar wa ya fi laifi. Yanzu ɗiyata a dare biyu take cinye zango guda na shiri mai dogon zango, kuma babu wanda za ta zanta da shi a kai. Ku yaya abin yake a wajenku?

Ɗan Auta: Wa alaikumus salam, Mama. Ni kam riba na gani. A 2021 na kalli Squid Game na Koriya ta Kudu a Netflix, ina bin fassara a ƙasan allo. Ko kalma ɗaya ban sani ba a yarensu, amma yadda bashi ya shaƙe wuyan mutanen nan, na gane shi sarai. Har yau muna gaisawa da wani ɗan Turkiyya da muka yi musu a kan ƙarshen fim ɗin.

Mai Jita: Ƙanena, ka faɗi ɓangaren mai kallo, bari in faɗi namu. Shekara goma sha biyar ina haɗa waƙa. A da nakan bar kiɗa ya yi shimfiɗa kafin murya ta shigo. To manhajar da nake saka waƙoƙina ba ta ƙirga saurare sai an kai daƙiƙa 30, mai sauraro kuwa yatsansa na kan allo. Dole na dawo da amshi farkon waƙa. Na samu masoya a ƙasashen da ban taɓa takawa ba, amma wallahi ina kewar shimfiɗar nan, domin a cikinta nake zuba abin da ke raina.

Malama: Ɗana ya taɓa kunna mini wata waƙa a 2022, wai sabuwa ce. Da muka duba, ta mawaƙiyar Birtaniya Kate Bush ce tun 1985. Shirin Stranger Things ne ya farfaɗo da ita har ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya. Ranar mun daɗe muna hira, yana ta tambayata abin da muke saurara muna 'yan mata.

Maman Biyu: Malama, irin wannan hirar nake nema. Ɗan Auta, wancan naka zai yi mu kalla da yara?

Ɗan Auta: A'a Mama, akwai zubar da jini sosai. Shekarun ƙaraminsu nawa? Zan nemo muku wanda ya dace.