Shin wankan jego da kunun kanwa ne ke raunana zuciyar mai jego?

Malamar Firamare ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman bayani daga ma'aikatan lafiya da ke wannan zaure a kan wani al'amari da ke neman haɗa gidaje biyu faɗa. Matar ƙanena ta sauka lafiya, haihuwarta ta biyu, amma tun kafin a yi arba'in ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya daina shigarta, ga tari da dare, kuma ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai an jingina ta. Mahaifiyarmu ta ce sanyi ne ya shige ta domin wankan bai yi zafi yadda ya kamata ba, saboda haka aka ƙara itace a murhu, aka kuma ƙara kanwa a kunu. Da abin ya ci tura muka kai ta asibiti, aka yi mata hoton zuciya, likita ya ce zuciyar ta buɗe kuma ta yi rauni, nan take ya hana wankan ruwan zafi da shan kunun kanwa. Yanzu danginta suna cewa mahaifiyarmu ce ta jawo mata ciwon. Me bincike ya tabbatar a kan wannan? Wankan da kanwar ne suka kawo cutar, ko da ma tana nan tafe?

Ungozoma ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba ta lafiya, ya raya abin da aka samu. Abin da kika bayyana muna ganin sa a ɗakin masu jego, kuma kusan kullum da irin wannan labari yake zuwa: mace ta kumbura, a ce sanyi ne, a ƙara mata zafi da kanwa, ta ƙara kumbura, a ce ai sanyin ne ya yi nisa. Kanwa cike take da sinadarin sodiyam, wato irin wanda ke cikin gishirin miya, kuma shi yake riƙe ruwa a jiki. Idan zuciya ta gaza tura jini yadda ya kamata, ruwan sai ya taru a ƙafafu da ciki da huhu, shi ya sa mace ke kasa numfashi idan ta miƙe a gado.

Kumburin ƙafa kaɗan a ƙarshen ciki ba abin tayar da hankali ba ne, kuma yakan sace cikin kwanaki bayan haihuwa. Wanda nake roƙon iyayenmu mata su lura da shi shi ne kumburin da ke ƙaruwa bayan an sauka, wanda idan aka danna ƙaurin ƙafa da yatsa sai ramin ya zauna, musamman idan mace tana haki daga ɗaki zuwa banɗaki, ko tana farkawa tsakar dare kamar an shaƙe ta. Wannan ba na jiran arba'in ba ne, ranar da aka gan shi ranar za a tafi asibiti.

Likita ya amsa:

Malama, tambayarki tana da dogon tarihi, kuma yawancin tarihin a ƙasar Hausa aka rubuta shi. A ƙarshen shekarun 1960 da cikin na 1970, likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, musamman Neil Davidson da Eldryd Parry, sun lura da yawan matan da ake kawowa da gazawar zuciya bayan haihuwa. Sun bi diddigin mata 224, suka wallafa sakamakon a 1978, kuma an ƙiyasta cewa a Zariya ana samun matsalar a kusan haihuwa 1 cikin 100. Abin ya fi yawa a lokacin zafi da damina. Bayanin da suka bayar shi ne cewa wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, suna buɗe jijiyoyin fata su tilasta wa zuciya ƙarin aiki, ita kuma kanwa tana cika jiki da ruwa. Daga wannan aiki ne zancen ya shiga littattafan likitanci na duniya, har ya zama duk inda aka ambaci wannan cuta sai an ambaci matan Hausawa da kanwa.

Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa ba. A 1979, da Sanderson da abokan aikinsa suka duba zukatan irin waɗannan mata a Zariya da na'urar eko, wato mai ɗaukar hoton zuciya, sun tarar da cewa a wurin da yawa daga cikinsu tsokar zuciyar tana matsawa da ƙarfinta, ruwa ne kawai ya yi mata yawa. Wannan ya bambanta da cutar da aka ce matar ƙanenki tana da ita, wadda a yau ba a tabbatar da ita sai hoto ya nuna cewa kason jinin da zuciya ke fitarwa a kowane bugu ya gaza kashi 45 cikin 100, kuma ba a sami wani dalili na daban ba. Ke nan mai yiwuwa ne matsaloli biyu aka haɗa a ƙarƙashin suna ɗaya a wancan zamani.

Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa cutar ba ta ragu ba. A Sakkwato, Isezuo da Abubakar sun ruwaito haihuwa 1 cikin 102 a shekarar 2007. Sannan aka yi babban rajista na ƙasa mai suna PEACE ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda ya tattara mata 406 masu cutar daga asibitoci 22, ya kuma sami 1 cikin 96 a Arewa maso Yamma. Domin ki gane girman lamarin, a Haiti ana ƙiyasta 1 cikin 300, a Afirka ta Kudu kuwa 1 cikin 1,000. Abin da ya shafi tambayarki kai tsaye shi ne, da aka kwatanta masu cutar da masu jegon da ke lafiya, ba a ga wankan zafi da kunun kanwa sun bambanta su ba, domin kusan kowa yana yi. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, da hawan jinin masu ciki, da rashin karatun boko, da rashin abin yi, wato dai alamun talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki. Ban da wannan, cutar tana kama mata a Amurka da Jamus da Japan waɗanda ba su taɓa ganin kanwa ba, kuma wani bincike na 2016 ya gano cewa kusan kashi 15 cikin 100 na masu ita suna ɗauke da matsalar gado da ta shafi tsokar zuciya.

A ra'ayina, wanda ya ce mahaifiyarku ce ta haddasa cutar ya faɗi abin da bincike bai faɗa ba. Amma umarnin likitanku daidai ne, domin zuciyar da ta riga ta yi rauni ba ta iya ɗaukar zafi da gishiri, kuma babbar illar da na gani a labarinki ita ce kwanakin da aka ɓata ana maganin sanyi.

Dattijo ya amsa:

Likita, ina da ja kaɗan. Kakanninmu sun yi wankan jego da ganyen darbejiya da na tsamiya, sun sha kunun kanwa, sun haifi goma sun rayu har suka ga jikoki. Idan binciken da ka kawo bai kama wankan da laifi ba, me ya sa ake hana shi? Ina tsoron kada a raba mata da kulawar kwana arba'in, wadda ita ce kaɗai hutun da yawancinsu ke samu a rayuwar aure.

Ɗalibar Likitanci ta amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma. Babu wanda ya nemi a soke jego. Hutun, da farfesun, da gasasshen naman, da tsohuwar da ke ɗauke wa mai jego aikin gida, duk alheri ne, kuma da za a ƙara su da an fi. Abin da ake cewa shi ne a surka ruwan ya zama mai ɗumi, a rage kanwa, a kuma daina duka biyun ga wadda ta kumbura ko take da hawan jini. Game da kakanni kuwa, waɗanda suka rayu su muke gani. Waɗanda suka rasu cikin jego an ce sanyi ne ko ajali, ba wanda ya duba zuciyarsu.

Ina so in ƙara wani ɓangare da Likita bai taɓo ba. Binciken da aka yi a Kano ya sami ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin yawancin masu cutar. Wannan ya ja hankali domin a gundumar Keshan da ke arewa maso gabashin Sin an san wata cutar raunin zuciya tun 1935, mai kama yara da mata masu shekarun haihuwa, kuma ta ragu ƙwarai bayan an fara ba mutane seleniyam. Daga baya gwaji a kan ɓeraye ya nuna cewa wani nau'in ƙwayar cutar Coxsackie, wanda ba shi da wata illa ga lafiyayyen ɓera, yana rikiɗewa ya kama zuciya a jikin wanda ba shi da isasshen seleniyam. A Najeriya an gwada ba wasu mata masu cutar seleniyam maikirogiram 200 kowace rana na tsawon wata 3, a cikin gwajin da ya ƙunshi mata 100, kuma alamun ciwon sun yi sauƙi, amma ba a ga ƙarfin zuciyar ya dawo fiye da na waɗanda ba a ba ba. Gwajin ƙarami ne, don haka bai isa a ce kowa ya je kyamis ya saya ba, balle ma yawan seleniyam guba ne.

Haka kuma ba kowace mai jego da ke haki ce ke da wannan cuta ba. Ƙarancin jini mai tsanani, wanda zazzaɓin cizon sauro ko tsutsar ciki mai tsotsar jini ko zubar jini wajen haihuwa ke kawowa, yana iya gajiyar da zuciya. Akwai kuma matan da ciwon makogwaro na ƙuruciya ya lalata musu ƙofofin zuciya ba a sani ba, sai nauyin ciki ya tona. Maganin kowanne daban ne, shi ya sa awon jini da hoton eko suke da muhimmanci kafin a yanke hukunci.

Malamar Firamare ta sake rubutawa:

Na gode muku duka. Saura tambaya biyu: za ta ci gaba da shayarwa, kuma za ta iya sake haihuwa?

Likita ya amsa:

Batun shayarwa ya taso ne daga binciken Denise Hilfiker-Kleiner a Jamus a 2007, wanda ya nuna cewa wani gutsure na sinadarin da ke kawo nono yana lalata ƙananan jijiyoyin zuciya. Daga nan aka gwada maganin bromocriptine, mai tsayar da nono, a kan mata 20 a Afirka ta Kudu a 2010, aka ga alamun nasara, sannan aka sake gwadawa a Jamus. Amma maganin yana ƙara haɗarin daskarewar jini, dole a haɗa shi da maganin tsinka jini, kuma a gidan da madarar gwangwani ta fi ƙarfin aljihu, ruwan sha ma ba tabbas, yaye jariri ɗan wata ɗaya yana iya jefa shi cikin gudawa da tamowa. Don haka likitan da ke duba ta ne zai auna tsananin ciwonta da halin gidan. Mata da yawa suna shayarwa alhali suna shan maganin fitar da ruwa, da enalapril mai sassauta wa zuciya aiki, da masu rage gudun zuciya irin su carvedilol.

Kada ta daina magani don kumburi ya sace. A cikin matan PEACE da aka bi bayansu, kusan ɗaya cikin biyar ta rasu kafin shekara biyu, kuma waɗanda zuciyarsu ta dawo daidai ba su kai ɗaya cikin huɗu ba. Haɗarin ya fi yawa ga 'yan ƙasa da shekara 20 da waɗanda ƙarfin zuciyarsu ya yi ƙasa sosai, ya kuma ragu ga masu shan maganin rage gudun zuciya a kai a kai.

Game da sake ɗaukar ciki, sai an maimaita hoton bayan kamar wata 6. Idan zuciyar ba ta dawo ba, wani cikin yana iya zama barazana ga ranta, ko ta dawo ma akwai yiwuwar ciwon ya sake tashi. Sannan enalapril da danginsa suna cutar da ɗan tayi, don haka tana bukatar hanyar ba da tazara mai inganci tun yanzu. Ina ba da shawara ƙanenki ya raka ta ranar awo na gaba, ya ji wannan bayani daga bakin likita da kunnensa, domin shi ne zai fuskanci masu tambayar me ya sa ba a yi wa jaririn ƙane ba.