Karen gadin cikin ATmega328P ya yi barci, ƙwan kawu sun dahu

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na haɗa wa kawuna injin ƙyanƙyasar ƙwai a nan Aboabo, Kumasi: Arduino Nano (ƙaramin allon kwamfuta mai cif ATmega328P), sensa a layin I2C (wayoyi biyu da take magana da cif ta kansu), da rile (makunnin da cif ke sarrafawa) mai kunna hita. Na kunna karen gadin cikin cif ɗin, wato agogon nan da ke sake tayar da shi in shirin ya maƙale, na ba shi daƙiƙa 2. Kwana 16 zafi na tsaye a digiri 37.5. Daren Talata aka yi dumsor, wato ɗauke wuta, da wuta ta dawo sai allon Nano ɗin ya daskare, hita kuwa a kunne har asuba. Ƙwai 120 suka dahu, saura kwana 5 su fashe. Wallahi kunyar kawu ta fi mini asarar ciwo. Shin na cikin cif abin dogaro ne, ko in sayo na waje?

Malamin Nima: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. A ina ka ajiye wdt_reset(), umarnin da ke ciyar da karen don kada ya sake tayar da cif?

Ɗan Aboabo: Cikin katsewar Timer1, Malam, wato ɗan aikin da agogon cif ke tsayar da shirin ya yi lokaci-lokaci, don kada a taɓa tsallake shi.

Malamin Nima: To ɗana, nan gizo ke saƙar. Karen ba shi da laifi, agogonsa daban ne, mai 128 kHz, bai jingina da kiristal ɗin allo ba. Amma katsewa ba ta tsayawa don loop(), babban zagayen shirin, ya maƙale. Wire kuwa, shirin da ke magana da sensa, in sensa ta riƙe layin SDA (wayar bayanai ta I2C) a ƙasa, sai ya zauna jira har abada muddin ba ka sa setWireTimeout() mai iyakance jiran ba. Ka ga ɓarawo na cikin gida, kai kana ta jefa wa kare nama. Ka ciyar da shi wuri ɗaya tak, a ƙarshen loop(), bayan sensa ta kawo adadi mai ma'ana. Kuma ka duba, in Nano ɗinka mai tsohuwar butloda ce (ƙaramin shirin da ke fara aiki in cif ya tashi), tana iya shiga sake tashi ba iyaka bayan karen ya cije ta. Sa mata sabuwar butloda, Optiboot.

Yaya Asawase: Gaskiya Malam ya faɗa, sai dai ƙanena, ni ba zan bar hita a hannun cif kaɗai ba. Karen yana tayar da cif ne, ba ya yanke wa sensa wuta, tana iya zama a maƙale yadda take. In bakin rile ya narke ya manne, karen ciki da na waje duk ba wanda zai gani. Ɗaga fiyus ɗin BOD, wato saitin da ke tsayar da cif in wuta ta yi ƙasa, daga bolt 2.7 zuwa 4.3 saboda wutarmu mai dawowa da rawa, sannan ka jera tamostat mai yankewa a digiri 40 kan wayar hita.

Ɗan Aboabo: Na gode Malam, na gode Yaya. Yau zan taɓa SDA da ƙasa da gangan in ga ko zai tashi, kafin kawu ya zuba sabbin ƙwai.