Matsalar 2038: wace kalma za mu faɗa a iska?

Mai shiri: Salamu alaikum. Gobe da safe zan naɗi shirin kimiyya kan matsalar 2038. Na'urori da yawa masu bit 32 (bit shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayanai a kwamfuta) suna ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970, kuma gurbin da ake ajiye lambar ba ya ɗaukar abin da ya wuce 2,147,483,647. Ranar 19 ga Janairu 2038, ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya da Nijar, ƙirgen zai kai nan. Me zan kira "timestamp overflow"? "Kernel" kuma fa, wato jigon babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura?

'Yar lissafi: Wa'alaikumus salam. "Timestamp" hatimin lokaci. "Overflow" kuma tumbatsa.

Malamin Hausa: Ambaliyar zamani. Ta fi daɗi a kunne, kuma na daɗe ina koya wa ɗalibaina haka.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, ambaliya ba ta kama ba, tumbatsa ma haka. Mudu in ya cika, rarar ce ke zubewa, shi yana nan cike. Wannan kuwa daƙiƙa ɗaya ta ƙaru, lambar ta kife ta koma ƙasa da sifili, na'ura ta ce yau 13 ga Disamba 1901. Kifewar ƙirge ke nan. Gyaran shi ne faɗaɗa gurbin zuwa bit 64: cikin manyan manhajojin tafiyar da kwamfuta, OpenBSD ta yi a 2014, Linux kuma aikin da Arnd Bergmann ya ja ya kai gaci a sigar 5.6, a 2020.

Malamin Hausa: Kifewa ta kwalekwale ce. Ku 'yan boko da Turanci kuke tunani, sannan ku zo ku ɗora wa Hausa.

Injiniya: Ai "zamani" ma aro ce daga Larabci, Malam.

Ɗan Damagaram: Ku bar faɗa. Ɗayar kalmar, wato "kernel", mu nan da Faransanci muka same ta, ma'anarta ƙwallon cikin ɗan itace. Ku ce ƙwallon manhaja.

'Yar lissafi: Mai sauraro a Kano zai zaci Pillars ake nufi. A rubuta kanal kawai.

Ɗan Damagaram: Sai a ce soja ne! Wai dole komai sai Kano ta sa hannu kafin ya zama Hausa?

Malamin Hausa: Daidaitacciyar Hausa dai a kan Kananci aka gina ta, ɗana. Ambaliyar zamani, ku gwada faɗinta sau uku ku ji.

Mai shiri: Jama'a, dare na yi. Na ɗauki hatimin lokaci, na ɗauki zuciyar manhaja, tunda babu wanda ya kawo ta balle a yi rigima. Saura ɗaya.

Injiniya: Ka ce ƙirgen ya cika ya kife. Ka kuma gaya musu wayoyi da kwamfutocin yanzu yawanci bit 64 ne. Fargabar tana kan ƙananan na'urorin da aka dasa cikin injuna aka manta da su, ba mai sabunta su.

Malamin Hausa: To, cika kam Hausa ce. A yi shirin da ita. Amma a ajina ambaliya ce.