Tsintar dami a kala: taya murna ce ko zargi?

Direban Riyad: Assalamu alaikum. Makon jiya mu huɗu muka tafi Ƙaisuma, kusa da Hafar al-Batin a nan Saudiyya, wajen kilomita 500 daga Riyad, domin tsintar duwatsun nan da ake kira daimon ɗin sahara. Tun kafin hantsi muka shiga fili, saboda sai rana tana ƙasa mutum ya fuskance ta yana takawa a hankali sannan yake hango ƙyallinsu a cikin tsakuwa. Abin da mu uku muka tara bai cika kofin shayi ba, amma ƙanin matata, wanda ko saukowa daga mota bai so yi ba, ya zaga zai kama ruwa sai ga shi da guda ɗaya kamar ƙwan tattabara. Na ce masa ya tsinci dami a kala, shi kuwa ya ɗaure fuska har muka dawo, ya kuma gaya wa yayarsa cewa na kira shi mai cin gumin wasu. Jama'a, ni na yi kuskure ko shi ne bai san Hausa ba?

Na Masfala: Alhaji, a iya sanina wannan magana taya murna ce, domin mai kala zangarniya ɗai-ɗai yake nema, idan Allah Ya haɗa shi da dami sai a ce barka. Surukinka dai zafin rana ne ya taɓa shi.

Malam na Madina: Ban yarda ta tsaya a nan ba. Dami ba ya ɗaure kansa, akwai wanda ya yanka, ya tara, ya ɗaure, sannan ya manta. Abin da aka bari a gona bayan girbi an yafe shi, amma dami tsintuwa ce mai shi yana nan, kuma hukuncinta cigiya har shekara, balle a Makka inda ba ta halatta ga kowa sai mai cigiyarta. Saboda haka yaron bai rasa hujja ba. Sai dai dutsen daji ba wanda ya ɗaure shi, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya al'amarin ma'adinai na hannun shugaba ne, abin da ya zo daidai da dokar ma'adinan ƙasar nan da ta fara aiki a 2021, wadda ta hana haƙa sai da lasisi.

Hajiya 'Yar Jidda: Malam ya tuna mini da kakata, Allah Ya jiƙanta. A ƙafa suka taso daga ƙasar Katsina da niyyar hajji, guzuri ya ƙare musu a Sudan, suka yada zango a Mai Wurno a bakin kogi, maza suna aikin auduga a gonakin Jazira, mata suna bin gonakin dawa suna kala. Wata rana da la'asar ta ga dami guda a kwance cikin kwari, an ɗaure shi da igiyar rama, ga shi a gida yara uku ba a ɗora tukunya ba. Ta ce ta daɗe tsaye a kansa tana duba gabas da yamma, daga baya ta naɗa gammo ta ɗauka ta kai wa mai gonar. Mutumin ya ƙirga nasa ya ce sun cika, maƙwabcinsa ya duba ƙullin ya ce ba irin ɗaurinsa ba ne, aka rasa mai karɓa, aka jingine shi a ƙofar masallaci ana cigiya bayan kowace salla. A kwana na uku jakin ladan ya tsinke da dare, da asuba igiyar kawai aka tarar. Har ta rasu idan aka faɗi wannan karin magana a gabanta sai ta yi dariya ta ce ita ta san wanda ya tsinci dami a kala, kuma ƙafa huɗu gare shi. Tsakiyar da ta saya a Sawakin, tashar jiragen ruwa ta Sudan, kafin su tsallako teku tana hannuna, jan dutse ne mai ratsin fari, kuma ban taɓa kai ta an yi mata kuɗi ba.

Na Masfala: Allah Ya jiƙan kaka. Irin jakin ladan ai suna nan a gida, sai dai yanzu babbar riga suke sakawa, talaka ya haƙa rami ya mutu a ciki, lasisi kuma ya fito da sunan ƙanin matar wani.

Direban Riyad: Don Allah a bar maganar ƙanin mata, nawa ma bai huce ba.

Maƙerin Balad: Kafin a raba dami ya kamata a kwance shi a gani. Ana kawo mini irin wannan dutse a shago, kuma ba daimon ba ne, kwaz ne, ɗan uwan farin dutsen da ke cike a rafukanmu. A ma'aunin tauri yana kan 7, daimon yana kan 10. Ɗanyensa dishi-dishi yake kamar tsohuwar kwalba, sai an yanka an goge yake ɗaukar ido, kuma Turawan da ke aiki a nan har Bankok suke aika shi. Sau da yawa ladan gogewar da na zoben sun fi dutsen tsada. Mai son abin da ya fi haka ya nufi Harrat Kishb, wajen ramin Wahba, mai faɗin kusan kilomita 2 da zurfin wajen mita 250, inda ake ganin koren zabarjadi a cikin baƙin dutsen aman wuta, galibi ƙanana kamar ƙwayar gero. Amma a tambayi hukuma kafin a cika aljihu, domin mai iƙama, wato takardar izinin zama, ba ya wasa da doka.

Malam na Madina: Ke nan kala ce aka tsinta a kala, ba dami ba.

Hajiya 'Yar Jidda: Ni kuwa a wurin kakata na ji ana faɗinta ga macen da ta yi dacen miji bayan zawarci ya daɗe, ban taɓa jin an faɗe ta a kan dutse ba. Maƙeri, idan na kawo tsakiyar nan za ka iya sake mata zare ba tare da ka faɗa mini kuɗinta ba?