Tsohuwar na'urar wasan talabijin: a gyara ta ko a nemi wata hanya?

Malamin Firamare, yankin Ringim

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wani abu da ya tsaya mini a rai tun makon jiya. Muna kwashe kayan ɗakin mahaifiyarmu domin a sake yaɓe kafin damina ta sauka, sai muka tarar da tsohuwar na'urar wasan talabijin a ƙasan adaka, naɗe cikin zane, tare da hannayenta biyu da ake riƙewa a sarrafa wasa, bindigar roba da kaset huɗu masu ruwan ɗorawa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ya sayo mana ita a kasuwar Sabon Gari ta Kano a shekarar da aka jawo wuta garinmu, kuma a kanta ni da yayana muka san Mario, Contra, harbin agwagwa da wasan tankokin yaƙi da ake tsaron mikiya.

Yanzu ina da 'ya'ya uku, babban yana da shekara 11, kuma duk abin da suka sani na wasa a wayata yake, kowa shi kaɗai, kansa a sunkuye. Burina shi ne in zauna da su a kan tabarma ɗaya mu yi irin wasan da muka yi. Sai dai adaftar na'urar ta ɓata, talabijin ɗin da nake da ita ta bango ce, wutar lantarki kuwa sai ta yi kwanaki ba mu gan ta ba, da ƙaramar sola muke lallaɓawa. Shin akwai amfani a gyara wannan na'ura, ko kuwa in haƙura in nemi wata hanyar?

Mai Gyaran Rediyo, kusa da Wudil

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Na shafe sama da shekara ashirin a kan teburin gyara, don haka bari in fara da gargaɗi kafin komai: kada ka jona mata duk adaftar da hannunka ya kai kanta don kawai bakinta ya shiga ramin. Mafi yawan irin waɗannan na'urori da ake kawo mini a ƙone, sakacin adafta ne ya kashe su, ba tsufa ba.

Abin da ke hannunka kwafi ne na Famicom, na'urar da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983, wadda aka sake wa siffa aka kai Amurka a 1985 da sunan NES. Masana'antun Taiwan da China sun yi ta kwaikwayonta, kuma irin nasu ne suka cika kasuwanninmu. Tana cin wuta bolt 9 zuwa 10 ne, kuma a yawancinsu tsakiyar bakin adafta shi ne waya mara wuta, wato nagetif, akasin adaftar dikoda da sauran kayan zamani waɗanda tsakiyarsu ke ɗauke da wutar. Idan ka juya mata wuta, cikin ƙiftawar ido za ta iya tafiya. Ka duba ƙasanta ko gefen ramin, galibi akwai ɗan zane da ke nuna hakan. In ya goge, ka kai wa mai gyara ya auna da mita kafin a saka komai. A cikinta akwai wani ƙaramin ƙarfe mai ƙafa uku, lambarsa 7805, wanda ke sauko da wutar zuwa bolt 5. Shi da kwandansoshin da ke kewaye da shi, wato ƙananan kayan da ke tara wuta, su ne suka fi mutuwa, kuma ana samun su a wurin kowane mai sayar da kayan gyaran rediyo a kuɗi kaɗan.

Batun kaset kuma, na san dukkanmu mun taso muna hura musu iska da baki idan hoto ya ƙi fitowa. Ka bar wannan ɗabi'a, kuma kada ka koya wa yara, domin danshin numfashi ne ke sa haƙoran tagullar su yi tsatsa. Cirewa da mayarwar da muke yi ne ke gyara zaman kaset ɗin, ba hurawar ba. Ka sami auduga ka ɗan jiƙa ta da sifirit, ka goge haƙoran har sai audugar ta daina fitowa da baƙi, ka bari su bushe. Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar waɗannan kaya a ƙasarmu, saboda haka idan an gama wasa a rufe ramin kaset, a mayar da na'urar cikin zanenta.

Game da talabijin, ka leƙa bayanta ko akwai ramuka masu launin ɗorawa, fari da ja. In akwai, wayar da ake jona bidiyo da ita ta wadatar. In babu sai ramin zamani na HDMI, akwai ɗan akwatin da ke juya hoton wayar bidiyon zuwa HDMI, ana samun sa a Kano. Amma zan faɗa maka gaskiya, hoton ba zai yi maka daɗin ido kamar yadda ka sani ba, domin an tsara wasannin ne a kan layuka kusan 240, kuma idan aka shimfiɗa su a kan faffaɗan gilashi sai gefunansu su yi kaushi. Haka nan talabijin ta bango tana ɗan jinkirta hoto kafin ta nuna shi, abin da mai kallon fim ba zai lura da shi ba, amma wanda ke son Mario ya yi tsalle a bakin rami zai ji shi a yatsansa. Bindigar kuwa ba za ta yi aiki ba sam. Yadda take shi ne, idan ka ja kunama, allon yana yin baƙi na ɗan lokacin da ido ba ya kamawa, sai farin murabba'i ya bayyana a inda agwagwar take, idon da ke cikin bakin bindigar ya ga hasken ko ya rasa shi. Jinkirin talabijin ta zamani yana ɓata wannan lissafi gaba ɗaya.

Shawarata ita ce ka nemi tsohuwar talabijin mai tudun baya, inci 14. Gidaje da yawa sun jingine su a lungu, wani ma kyauta zai ba ka. Ka dai san cewa ta fi na'urar cin wuta nesa ba kusa ba, domin na'urar ba ta kai wat 10 ba, ita kuwa tana iya shan 50 ko fiye. In solarka ƙarama ce, ku yi wasan da rana tana sama.

Tsohon Mai Gidan Gem, yankin Gumel

Malam, tambayarka ta mayar da ni baya. Na riƙe gidan gem a wani shago na ƙasa a bakin kasuwarmu na tsawon shekaru, na fara da Sega Mega Drive guda biyu da ƙaramin janareta, daga baya na ƙara PlayStation ta farko da ta biyu. Abin da Oga mai gyara ya faɗa duk haka yake, ni dai zan yi magana ne a kan abin da ka ce shi ne burinka, wato zama da yara.

Abin da na lura da shi a shagona shi ne, wasan da ke tara mutane ba shi ne wanda ya fi kyawun hoto ba. Wasan da mutum biyu za su riƙe hannu a lokaci guda, sauran su kewaye su suna jiran layi, shi ne ke cika benci. A Sega, Streets of Rage ne da Street Fighter. A PlayStation kuwa Winning Eleven na kamfanin Konami ya danne komai, har ana shirya gasa tsakanin unguwanni bayan sallar isha'i. A cikin kaset ɗinka akwai biyu da suka fi dacewa da abin da kake so. Wasan tankokin nan, wanda asalin sunansa Battle City, kamfanin Namco ya fitar da shi a 1985, yana da matakai 35, kowane mataki da tankokin abokan gaba 20, kuma ba a cin sa sai ɗaya ya tsaya gadin mikiya ɗaya ya fita farauta. Na sha ganin wa da ƙani da ba sa jituwa a gida sun koyi yi wa juna magana a kansa, domin wanda ya yi son kai ya bar mikiya, dukansu biyu ne ke faɗuwa. Akwai ma wurin da yaro zai gina filin yaƙinsa da bulo da ruwa da ciyawa da hannunsa. Contra ma haka yake, in ɗaya ya yi gaggawar hawa sama ya bar ɗan'uwansa a ƙasa, ya kashe shi ke nan. In yaran sun ga ya yi musu wuya, a allon farko ka danna sama sau biyu, ƙasa sau biyu, hagu, dama, hagu, dama, B, A, sai a ba ku rai 30. Wasu kaset ɗin ma sun zo da wannan a shirye.

Kada kuma rubutun da ke jikin kaset ya ruɗe ka. Wanda aka ce yana da wasa 9999, idan ka ƙirga da kyau da wuya su wuce goma, sauran maimaici ne da aka sauya wa suna ko matakin farawa.

Ɗalibi, Birnin Kudu

Gaisuwa ga iyayena da suka riga ni magana. Ni ban riski zamanin kaset ba, a waya na san waɗannan wasanni, kuma ina ganin bai kamata a raina wannan hanya ba, musamman ga wanda wuta ke ba shi wahala. Akwai manhajoji da ke kwaikwayon tsoffin na'urori a wayar Android, irin su RetroArch, kuma ko ƙaramar waya tana ɗaukar su, tunda Super Mario Bros. na 1985 gaba ɗayansa kilobayit 40 ne, bai kai hoto ɗaya na WhatsApp ba. Babbar fa'idarsu ita ce za ka iya ajiye wasa a daidai inda kake, ka dawo gobe ka ci gaba, abin da na'urar Baba Malam ba za ta yi ba idan wuta ta ɗauke a mataki na 20.

Amma akwai abubuwan da ya kamata a sani. Danna gilashi ba ya maye gurbin maɓalli, sai an sayi hannu mai Bluetooth. Wasan zai kuma zo maka da sauri fiye da yadda ka saba, har kiɗan ma, saboda na'urorin da aka kawo ƙasarmu suna bin tsarin PAL mai sauya hoto sau 50 a daƙiƙa, asalin na Japan da Amurka kuwa sau 60 ne. Sannan wasannin nan har yau mallakar kamfanoninsu ne, Nintendo ma yana ba da wasu daga cikinsu ta hanyar biyan kuɗin rajista a na'urarsa ta Switch, kuma a 2016 ya fitar da ƙaramar NES mai wasa 30 a ciki. Shafukan da ke raba su kyauta ba da izini suke yi ba, kuma da yawansu cike suke da manhajojin da ke lalata waya, don haka duk wanda ke da asusun banki a wayarsa ya yi hattara ƙwarai.

Uwar Yara, wani ƙauye a yankin Dambatta

Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka yi tunanin zama da 'ya'yanka. Ni roƙona biyu ne. Na farko, ka sa wa abin lokaci tun ranar farko, kada a kunna sai an dawo daga Islamiyya an kuma ba dabbobi ruwa, a kashe da an kira sallah ko da wasa ya yi daɗi. A gidanmu Alhamis da Juma'a da yamma muka ware, kuma yaran sun saba. Tsoffin wasannin ma ba duka ne suka dace da yara ba. Mortal Kombat, wanda ya fito tun 1992, akwai zubar da jini a cikinsa da ban yarda ƙananan yara su gani ba.

Na biyu, in kana da 'ya mace, ka miƙa mata hannun ita ma. Mu a zamaninmu ta taga muke leƙen yayyenmu maza, abin da ya zo hannunmu kawai shi ne ɗan wasan jera bulo mai batir biyu, kuma har yau ina jin zafin hakan.

Malamin Firamare, yankin Ringim

Na gode muku ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ranar kasuwa na kai na'urar wurin wani mai gyara, na karanta masa abin da Oga ya rubuta. Ya auna ya tabbatar tsakiyar nagetif ce, ya canza kwandansa biyu da suka kumbura, ya haɗa mini adafta mai bolt 9. Wani abokin aikina ya ba ni aron tsohuwar talabijin ɗinsa, kuma jiya da la'asar hoto ya fito. Kaset uku sun tashi bayan gogewa da sifirit, na huɗun ya ƙi. Hajiya, ta tsakiyar cikin 'ya'yana mace ce, shekararta 8, ita ta fara riƙe bindigar, kuma mahaifiyarmu ta fito ta zauna a bakin ƙofa tana kallo har muka tashi.

Matsala ɗaya ta rage. Maɓallin B na hannu na biyu ba ya amsawa sai an danna shi da ƙarfi sosai, shi ya sa ba mu iya yin wasan tankokin mu biyu yadda ya kamata ba. Oga, wannan na gyaruwa a gida?

Mai Gyaran Rediyo, kusa da Wudil

Yana gyaruwa, Malam. Ka kwance sukurorin bayan hannun, za ka ga roba mai baƙin ɗigo a ƙarƙashin kowane maɓalli. Ka goge ɗigon da kuma inda yake taɓawa a jikin allon da sifirit. In bai dawo ba, ka ɗan goga bakin fensir mai laushi a kan ɗigon, domin baƙin fensir yana wuce da wuta. In robar ce ta tsage, ka nemi tsohon rimot da ya mutu, ka yanko ɗigo ɗaya daga cikinsa ka manna a gurbin. Ka ajiye sukurorin a cikin murfin kwalba, ƙanana ne kuma ba a samun irinsu da sauƙi.