Neman kalma: me za mu kira mai hoton da ba ya cewa "a gyara tsayuwa"?

Jama'a, assalamu alaikum. Taimako nake nema. Ina shirya wa wasu matasa masu koyon ɗaukar hoto darasi a kan Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen mai ɗaukar hoton nan da aka haifa a 1908, ya mutu a 2004. Turawa suna jera wa irinsa kalmomi: humanist, documentary, street photographer. Kwana biyu ina juya su, ko ɗaya ta ƙi zama a bakin Hausa. In na ce "mai hoto" kawai, wanda zai faɗo wa yaro a rai shi ne mai cewa gyara hula, ɗago kai, kar ka ƙifta. Shi kuwa wannan mutum, abin da ya yi ta gudu ke nan duk rayuwarsa.

Bari in nuna muku shi tukuna, don mu san wa muke raɗa wa suna. 'Yar ƙaramar kyamara Leica yake yawo da ita, ya liƙe wuraren da ke ƙyalli da baƙin tef don kada ido ya kai kanta. Ba ya haska wa mutane wuta a fuska. A 1937, ranar naɗin Sarkin Ingila George na Shida, an tura shi Landan ɗaukar hoto. Sai ya juya wa ayarin sarki baya, ya fuskanci 'yan kallo. A cikin hotunan ranar akwai na wani mutum da barci ya kwashe a kan tarin tsofaffin jaridu, mutane na zaune a samansa sun zuba wa hanya ido. Ku ɗauka ranar hawan Daushe ce, kowa ya saita wayarsa kan dawaki, mutum ɗaya ya tsuguna yana ɗaukar yarinyar da ta hau wuyan yayanta don ta hango. To, sunan wannan mutum ɗaya nake nema.

Tun da na fara wannan tambaya, amsoshi sun shigo, na gode. Wadda ta fi yawa ita ce "mai hoton titi". Na fahimci dalili, ita ce fassarar street photographer kai tsaye. Amma a kunnena, mai hoton titi shi ne mai kafa farin ƙyalle a bakin hanya yana hoton fasfo, sha-yanzu-magani-yanzu. Kuma rayuwarmu ba a kan kwalta take ba. Tana bakin kasuwa, tasha, ƙofar gida, majalisar mai shayi, lungun da mota ba ta shiga.

Wani ƙanena ya ce "hoton sata", tunda ba a neman izini. Ƙanena, ka taɓo wuri mai ciwo, kuma ba ka yi nisa da gaskiya ba. Wata Hajiya daga Damagaram, mai jin Faransanci, ta tuna mana cewa sunan littafin hotunan Cartier-Bresson na 1952 shi ne Images à la sauvette, kuma "à la sauvette" ana faɗarta ne ga mai kasa kaya a bakin hanya ba takarda, da ya hango jami'ai sai ya tattare ya arce. Hajiya, Allah ya ƙara sani. Ke nan shi ma bai ɓoye cewa akwai fizge a cikin sana'ar ba. Duk da haka ba zan koya wa yara kalmar sata ba. A zamanin da ake ɗaukar mutum da waya yana cin abinci ko yana gyangyaɗi a watsa shi don a yi dariya, in muka kira sana'ar sata, mun ba masu wannan hali lasisi. "Hoton ba-zata" ma nan ya nufa, ya fi kama da tarko.

Wannan ya kawo mu kan humanist, inda na fi daɗewa. Kada mu aro ta yadda take. A labaran Najeriya an fi jin ta a kan masu cewa ba ruwansu da addini, kuma ba ita ake nufi a nan ba. A harkar hoto suna ne na wani salo da ya yi tashe a Faransa, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masu hoto irin su Robert Doisneau da Willy Ronis na ciki: hoton talaka a cikin harkarsa, lebura, mai talla, yara na wasa, a nuna shi cikakken mutum. Hausa ba ta rasa wannan ba, muna da "mutuntawa". Abin yana ci mini rai in ga hoton almajiri da ba a ɗauki komai nasa ba sai kwano da ƙura. Yaron nan yana da allo, yana da abokai, yana tsokana, yana dariya. Wanda ya ɗauki kwanon kaɗai ya ɗauki gaskiya, amma bai mutunta shi ba.

Saura documentary, wato hoton da ke ba da shaidar abin da ya faru. Wani Malam ya turo tasa amsar. Malam, na ga taka, kuma ita ta tsayar da ni. Ka ce: ai Bahaushe na cewa ganau ba jiyau ba, me zai hana "hoton ganau"? Allah ya gafarta Malam, na gwada ta a kan rayuwar mutumin, ta zauna daram. Yana Indiya a Janairun 1948, ya ɗauki Gandhi jim kaɗan kafin a harbe shi, sannan ya ɗauki taron ƙona gawarsa. A ƙarshen shekarar yana Shanghai, inda ya ɗauki mutane sun matse juna a layi, kowa na neman canza kuɗin takarda da zinariya kafin su zama ganye. A 1954 ya shiga Tarayyar Sobiyet bayan mutuwar Stalin. Kamfanin masu hoto na Magnum da suka kafa a 1947 tare da Robert Capa da David Seymour da George Rodger, tushensa shi ne mai hoto ya je ya gani, kuma hoton ya zama mallakarsa. Cartier-Bresson kansa ya ɗanɗana wahalar yaƙi: sojojin Jamus sun kama shi a 1940, sai a yunƙuri na uku ya tsere, a 1943.

Kalmar ma tana iya tankaɗe. Shahararren hoton Doisneau na 1950, na saurayi da budurwa a gaban zauren birnin Paris, an daɗe ana ɗaukarsa hoton da aka ci karo da shi, sai a farkon shekarun 1990 magana ta kai kotu, ya bayyana cewa shirya su ya yi. Hoto ne mai kyau, amma ba na ganau ba ne. Ganau ba ya shirya abin da zai ba da shaida a kai.

Saura abin da Turawa ke kira decisive moment, wato daidai lokacin da ya kamata a ɗauki hoto, sunan da aka sa wa littafin nan na 1952 a bugun Ingilishi. Wani ya ce "ƙiftawa da bismilla". Ta kama sauri, amma ba saurin ne kaɗai ba. Ku dubi hoton Cartier-Bresson na 1932 a bayan tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare: mutum ya yi tsalle zai haye ruwa kwance, dunduniyarsa saura ƙiris ta taɓa ruwan, inuwarsa na ƙasa tana jiran sa. Ta tsagar katakon shinge ya zura kyamara. Da ya yi jinkirin numfashi ɗaya, ruwa ya fantsama, hoto ya tafi. Mahauta sun riga mu: sara a kan gaɓa. Ni dai "gaɓa" zan ce, mai hoto ya ɗauka a kan gaɓa.

Wata 'yar'uwa ta yi tambaya mai nauyi: a ƙasarmu, inda matar aure ba za ta so baƙo ya ɗauke ta ba, wannan sana'a za ta yiwu? Yaya, za ta yiwu, amma ba da ƙa'idar Paris ba. A nan sai ka yi sallama, ka zauna, a saba da kai har a manta da kyamarar, kuma in an ce a'a, ka sauke ta. Shi ya sa ba zan bar "mutuntawa" a gefe ba ko da sunan ya yi tsawo.

Ga abin da zan rubuta a allo ranar darasi: Henri Cartier-Bresson, ganau mai hoto, wanda ya mutunta mutanen da ya ɗauka. Aikinsa hoton ganau ne. Jam'in kuma "ganau masu hoto". In akwai wanda a garinsu "ganau" ke da wata ma'anar da za ta ɓata wannan, musamman 'yan'uwanmu na Nijar da Zangon Gana, ku faɗa mini kafin Asabar.